Mun koma sabon gari, surukata na kwance, yaro na ramewa: ta ina zan fara neman taimako?

Tambaya: Salam, dan Allah shawara nake nema. Wata uku kenan da muka koma wani gari saboda aikin maigida, bamu san kowa ba. Mahaifiyarshi tana wajenmu, ta samu shanyewar ɓarin jiki wata biyu da suka wuce, an sallame ta daga asibiti amma har yanzu bata iya tashi, ni kaɗai nake jinya. Ga yarona ɗan wata 14 sai ramewa yake, rigakafinshi ma ya tsaya tun da muka taso, ni kuma ina da ƙaramin ciki ban fara awo ba. Kuɗi sun yi ƙasa sosai. Ina ake zuwa, wa ake tambaya? Wallahi na rasa ta inda zan kama.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya. Tambayarki ta faɗo cikin aikina ne, ni ma'aikaciyar walwala ce a asibiti, wato ɗan ofishin nan da mutane ke wucewa ta ƙofarshi kullum basu san me ake yi a ciki ba, kuma kafin nan na daɗe ina aikin lafiya na bi gida gida. To ki yi haƙuri amsar zata ɗan yi tsawo.

Kinga abun da ya sa kanki ya ɗaure, kina kallon abun ne a dunƙule kamar wani dutse ɗaya, alhali abu huɗu ne a ciki: Mama, yaro, ke da cikinki, sai kuma aljihun gidan. Kuma uku daga ciki ƙofa ɗaya ce zata fara ɗaukarsu, ƙaramin asibitin da ya fi kusa da gidanku, wanda ake cewa sha-ka-tafi ko asibitin matakin farko. Na san mutane suna raina shi, kowa so yake ya tafi babban asibiti inda manyan likitoci suke, amma tsarin lafiya kusan ko'ina a duniya a kan wannan ƙaramin wurin aka ɗora shi. Tun 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tara ƙasashe a birnin Alma-Ata aka amince cewa kula da lafiya a matakin farko, kusa da inda mutane ke zaune, shine tushe, aka sake jaddada hakan a birnin Astana a 2018. Abun da wannan yake nufi gare ki a aikace shine awo, rigakafi, auna nauyin yaro, gwajin hawan jini da na suga, maganin cututtukan yau da kullum, duk an tsara su ne a same su a ƙaramin asibiti, kuma a ƙasashe da yawa rigakafin yara kyauta ne, awo ma ko kyauta ko da rangwame. Babban asibiti kuwa sai an tura ki da takarda, wadda muke cewa rifaral, idan kika tafi kai tsaye ba takarda sau da yawa layi zaki sha har azahar sannan a ce ki koma ƙasa ki faro. Na taɓa samun wani dattijo da ya yi kwana uku yana zuwa layi a wani babban asibiti, ashe duk abun da yake so a auna mishi jini a sabunta mishi maganin hawan jini, abun da nas ɗin unguwarsu zata yi mishi cikin minti goma.

Yadda zaki gano wurin tunda baki san gari ba, babu wahala. Ki nemi maƙwabciya mai goyo ki tambaye ta ina take kai yaronta rigakafi kuma wace rana, wallahi ta fi intanet sani. Mai kemis na kusa ma ya sani, malaman makarantar yara sun sani, shugabannin wuraren ibada sun sani. Idan kina da data ki duba Google Maps ki ga na kusa da ke, amma kar ki hau mota da mara lafiya saboda abun da kika gani a waya kawai, ki fara kira ko ki aika maigida ya leƙa, don wasu wuraren sun tashi ko sun canza lokaci shekara da shekaru ba wanda ya gyara. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren farkon fara aikina, na ba wasu iyali adireshin wani ofishi daga tsohuwar takarda ban kira na tabbatar ba, suka kashe ɗan kuɗin motar da ya rage musu suka tarar ofishin ya tashi tuntuni. Har yau abun yana min ciwo, tun daga ranar bana tura kowa ko'ina sai na ji muryar wanda zai karɓe shi.

Yanzu wa zaki fara kaiwa? Yaron. Ba wai don Mama bata da muhimmanci ba, a'a, don ramar yaro ɗan wata 14 bata jira. Ki ɗauki katin rigakafinshi, idan ya ɓace a wajen tashi ki tafi haka nan ki faɗa musu abun da kika tuna, kuma ki kwantar da hankalinki, rigakafin da ya tsaya ba'a farowa daga farko, daga inda aka tsaya ake ci gaba. Ki tambaya musamman ko ya samu allurar ƙyanda, wadda a ƙasashe da yawa ake yi a wata 9, saboda ƙyanda da rama idan suka haɗu a jikin yaro abun ba kyau. Sannan ki ce a auna nauyinshi a kuma auna damtsenshi da ɗan tef ɗin nan mai kala uku. Ga yaro daga wata 6 zuwa ƙasa da shekara 5, idan damtsen bai kai santimita 11.5 ba, wato ya faɗa ja, tamowa ce mai tsanani, tsakanin 11.5 da 12.5 kuma ruwan ɗorawa, matsakaiciya. Idan ya faɗa ja akwai shirin da ake saka yaro a dinga bashi abincin magani na leda da ake cewa RUTF, yana gida yana sha kina kawo shi ana dubawa, ba lallai sai an kwantar da shi ba matuƙar yana iya ci kuma ba wata cuta a tare. Ba kowane ƙaramin asibiti ke da shi ba, amma sun san wanda yake da shi. Kuma ki gaya musu komai, yana gudawa ne, yana tari, akwai mai tari a gidan da ya wuce sati biyu, kin yaye shi ne da kika ga ciki ya shiga. Wannan na ƙarshen kar ki ji kunyar faɗa, yana daga cikin abubuwan da muke yawan gani, a cire yaro daga nono rana ɗaya ba'a shirya mishi abun da zai maye gurbi ba sai ya fara zubewa. Idan gudawa ce, ruwan ORS, wato ruwan gishiri da suga, da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14 ne maganin farko.

A ranar dai, tunda kin riga kin je, ki yi rajistar awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farkon a cikin sati 12 na farko, ba wai sai ciki ya fito ba kamar yadda da yawa suke jira. Za'a auna jininki, a duba ko kina da ƙarancin jini, a yi gwaje-gwaje, a baki maganin ƙarin jini da folik asid. Ki gaya wa ungozomar cewa kina jinyar babba da bata iya tashi, dole ta sani, don ɗaga mutum ke kaɗai da ciki ba ƙaramin abu bane.

To Mama. Anan zan ɗan daɗe don anan ne iyalai suka fi yin asara ba tare da sun sani ba. Mutane suna ɗauka idan an sallami mai shanyewar ɓarin jiki daga asibiti shikenan an gama, sai addu'a da jira. Addu'a kam ba'a barinta, amma sallama ba ƙarshen magani bane, yawancin sauƙin da mai wannan ciwon yake samu a wata uku zuwa shida na farko yake samunshi, kuma gashi da motsa jiki ne suke jawo shi. Ku yanzu kuna wata biyu, kenan kuna tsakiyar lokacin da ya fi muhimmanci, kar ku bari ya wuce tana kwance kawai. Ki nemo takardar sallamar da aka baku da duk kwalayen magungunanta, har waɗanda suka ƙare, ki kai ƙaramin asibitin ki ce kina so a rubuta muku rifaral zuwa sashen gashi, wato fisiyo. Idan kai ta duk sati zai yi wuya saboda kuɗin mota, ki faɗa musu gaskiya, ki roƙi mai gashin ya koya miki ke da maigida motsin da zaku dinga yi mata a gida, yadda ake miƙe hannu da ƙafa kar su ƙage, yadda ake zaunar da ita, yadda ake tayar da ita ba'a ja hannun da ya shanye ba don kafaɗar tana iya gocewa, sai ku dinga komawa jefi jefi ana duba ci gaba. Ki kuma tambaya ko akwai ma'aikatan lafiya masu zuwa gida, wurare da yawa suna da su amma sai wanda ya tambaya.

Abu biyu ne suke kayar da masu kwanciya irin Mama, kuma duka ana iya kare su. Na ɗaya gyambon kwanciya, a ƙugu, a gadon baya, a dunduniya, yana farawa ne da ɗan wuri da fatar ta canza kala, kafin ki ankara ya zama rami. Ana juya ta kamar duk awa biyu, a tabbatar shimfiɗa a bushe take. Na biyu shaƙewa, ciwon yana taɓa haɗiya, idan tana tari ko muryarta na canzawa duk lokacin da ta sha ruwa ko ta ci abu to yana iya bi ta hanyar numfashi ya sauka huhu ya zama ciwon huhu, kar a ba ta komai tana kwance, a zaunar da ita sosai, kuma ki faɗa wa likita. Sai maganin hawan jini, dan Allah kar a tsayar don an ga ta ɗan warware ko don kuɗi sun yanke, tsayar da shi yana iya sa ciwon ya sake bugunta karo na biyu. Idan tsada ce matsalar ki gaya wa likita ƙarara ya duba ko akwai irinshi mai sauƙi, yawanci akwai. Ki dinga rubuta awon jinin duk sanda aka auna, idan yana kai 140 bisa 90 ko sama akai akai a sake duba maganin. Kuma idan kika ga Mama ta daina magana da mutane, tana kuka, bata son ci, kar a ce rigimar tsufa ce, kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka yi wannan ciwon suna samun ciwon damuwa, kuma yana da magani.

Yanzu maganar kuɗi, nan ne ɓangarena. A yawancin manyan asibitoci akwai ofishin walwala ko jin daɗin jama'a, haka ma a ƙaramar hukuma ko ma'aikatar da ke kula da jin daɗin jama'a, sunan yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa amma aikin ɗaya ne. Mu ba kuɗi muke rabawa ba, gara in faɗa miki tun yanzu kar ki zo da wannan tsammanin, aikinmu mu zauna da ke mu ji halin gidan, mu rubuta, sannan mu haɗa ki da abun da kika cancanta: rangwame ko yafe kuɗin magani, shiga inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi ko ta tsofaffi ko ta masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 idan ƙasarku tana da ita, keken guragu ko sandar tafiya, ko sunan gidanku ya shiga rajistar masu samun tallafi. Wannan tallafin kuɗi ga iyalai ba sabon abu bane, Meziko ta fara nata mai suna Progresa a 1997, Barazil ta kawo Bolsa Família a 2003, ƙasashe da dama suka kwaikwaya, kuma abun lura a irin waɗannan shirye-shiryen sharaɗin shine yara suna zuwa makaranta, ana musu rigakafi, mai ciki tana zuwa awo. Kinga kenan katin rigakafin nan da katin awo ba na asibiti kaɗai bane, wata rana sune shaidarki a wani ofishin. Maigida kuma ya tambaya a wajen aikinshi ko akwai inshorar lafiya ta ma'aikata da wa da wa take ɗauka, kin san maza, wani ana cire mishi kuɗin duk wata daga albashi bai taɓa zuwa ya yi rajistar iyalinshi ba.

Bayan gwamnati akwai ƙungiyoyin agaji irin su Red Cross da Red Crescent, da na addini, da ƙungiyoyin masu ciwo iri ɗaya, na masu shanyewar ɓarin jiki, na masu ciwon suga, na masu buƙata ta musamman. Ni a ganina waɗannan na ƙarshen sun fi kowa amfani ga baƙo a gari, don su suka riga suka bi hanyar, sun san wane ofishi ne yake aiki da gaske wane ne allo kawai, sun san inda ake aron keke idan wani ya gama da nashi. Ki tambayi mai gashin, yawanci ya san su.

Ki shirya wa zuwa waɗannan ofisoshin kamar mai zuwa kotu. Katin shaida naki da na Mama, takardar haihuwar yaro, takardar sallama, katunan asibiti, rasit ɗin magunguna, ki zuba su a jaka ɗaya kuma ki ɗauki hoton kowanne a wayarki, asalin takarda kar ki bar wa kowa, kwafi ake bayarwa. Ki samu ɗan littafi, duk inda kika je ki rubuta kwanan wata, sunan wanda kika gani, me ya ce, yaushe zaki dawo. Wannan littafin yana canza yadda ake kallonki, idan kika ce ranar kaza na ga wance ta ce in dawo yau da takarda kaza gata, ba mai iya ce miki je ki dawo haka kawai. Kuma duk inda aka ce miki ba anan ake yi ba, kar ki juya ki fita, ki tsaya cikin ladabi ki ce to dan Allah ina ake yi, wa zan nema, wace rana suke gani, ko zaki rubuta min. Gaskiya wasu abokan aikinmu basu da sakin fuska, ga yawan mutane ga gajiya, ba kare su nake ba, amma ko mai ɗaure fuskar idan kika yi mishi tambaya takamaimai zai baki amsa takamaimai. Idan kika ce a taimaka mana kawai, bai san ta ina zai kama ba, idan kika ce surukata bata tafiya muna neman keke da rangwamen gashi, kin bashi abun da zai rubuta a fom.

Ki yi hankali da 'yan damfara, suna shinshino gidan da ake jinya. Duk wanda ya ce ki biya kuɗin fom ko na rajista kafin a saka ki a tallafi, ko ya turo miki link a WhatsApp wai ki cike, ko ya nemi lambar sirrin katin bankinki ko lambar da aka turo miki ta saƙo, ki rufe wayarki. Haka masu maganin da suke cewa zasu tayar da shanyayye cikin sati ɗaya amma a ajiye na asibiti. Sannan masu cewa ki turo hoton Mama a kwance su yaɗa a nema muku taimako, ni dai bana so, wani lokacin ana samu ban musa ba, amma hoton baya gogewa kuma sau da yawa ba'a tambayi mai jikin ba, idan har za'a yi to da yardarta, kuma kuɗin ya shiga hannunku ko asusun asibiti kai tsaye.

Akwai lokutan da duk wannan maganar bin mataki bata aiki, sai dai a nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne, ba jiran rifaral. Ga Mama, idan baki ya sake karkacewa, magana ta sarƙe, wani ɓangaren ya saki, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi mai zafi. A irin wannan awanni ake lissafawa, maganin narkar da gudan jini a inda ake da shi cikin awa huɗu da rabi na farko ake bayarwa. Ga yaro, idan ya ƙi shan komai, yana amayar da duk abun da ya shiga cikinshi, ya yi jijjiga, ya yi laushi baya farkawa sosai, ko numfashi da sauri haƙarƙari na shiga ciki. Ke kuma zubar jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da gani dishi dishi, kumburin fuska, ciwon mara mai tsanani, zazzaɓi. Ki nemi lambar gaggawa ta inda kuke tun yau ki ajiye a waya, a ƙasashe da yawa 112 ce, Amurka 911, Ingila 999, sannan ki samu lambar maƙwabci ɗaya mai abun hawa da kuka yi magana da shi tun kafin buƙata ta taso, don ba ko'ina motar asibiti take zuwa da wuri ba.

Sai ke kanki, don ba wanda zai tambaye ki. Jinya da goyo da ciki a garin da baki da uwa baki da ƙanwa, wannan aikin mutum uku ne. Ki zauna da maigida ku raba, juyin dare da ɗagawa zuwa banɗaki nashi ne, mahaifiyarshi ce kuma ladan ma yana so, 'yan'uwanshi kuma a gaya musu abu takamaimai, wane ya ɗauki maganin wata, wance ta zo ta yi sati biyu, don idan aka bar shi a Allah ya sawwaƙe ta waya to a nan zai tsaya. Idan kika ga bakya barci ko da kin samu dama, kina kuka ba dalili, komai ya fita ranki har sati biyu ko fiye, ki faɗa wa ungozoma a wajen awo, yanzu ana horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su kula da irin wannan, Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shiri a kai tun 2008, ba sai an je asibitin ƙwaƙwalwa ba.

Kafin gobe ki yi abu ɗaya da daren nan, ki danna saman ƙafafun yaron duka biyu da babban yatsanki kamar daƙiƙa uku ki ɗaga. Idan wurin ya lotsa bai dawo ba a ƙafa biyun, kumburin tamowa ne ko da jikinshi bai nuna rama sosai ba, kar ki jira ranar rigakafi, da sassafe ki kai shi ki nuna musu ƙafar tun daga bakin ƙofa.